Wutar sola: a daina ƙidayar megawat, a duba abin da hekta ke bayarwa

Duk inda aka ce za a kafa babbar tashar wutar sola, gardama iri ɗaya ce ke tashi. Manoma da masu kare muhalli su ce za a cinye musu ƙasa. Kamfani kuma ya ce a kwantar da hankali, ai sababbin farantai na nan tafe, nan da ɗan lokaci filin da ake buƙata zai ragu. A ganina ɓangarorin biyu duk sun saki reshe sun kama ganye. Filin da sola ke buƙata bai taka kara ya karya ba in aka auna shi da faɗin duniya, kuma babu wani sabon faranti da zai zo ya kashe gardamar. Abin da ya kamata hukuma ta tambaya kafin ta sa hannu a takardar izini shi ne: wane fili ne wannan, hekta ɗaya a cikinsa wuta nawa za ta bayar a shekara, kuma me za ta ci gaba da bayarwa ban da wutar?

A fara da lissafi, domin shi ba ya son kai. Da tsakar rana, in gari ya yi garau, hasken da ke sauka a murabba'in mita ɗaya yakan kai wat 1,000. Farantin silikon na kasuwa a yau yana mayar da kashi 21 zuwa 23 cikin 100 na wannan haske ya zama lantarki, a ce wat 220. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Da za a shimfiɗe ta da farantai kamar tabarma, ba tazara ko kaɗan, da an samu megawat 2.2. Amma ba haka ake yi ba. Layin gaba yana yi wa na baya inuwa da safe da yamma, don haka dole a bar tazara, kuma a yawancin tashoshi farantan ba sa rufe fiye da kashi 30 zuwa 50 na filin. Sai a cire hanyar mota, da shinge, da ɗakin inbata, da taransifoma, da magudanar ruwan sama. Abin da ke saura bai wuce rabin megawat zuwa megawat ɗaya a hekta ba. A ƙasa mai rana sosai, inda kilowat ɗaya na faranti ke ba da kilowat-awa 1,600 zuwa 1,900 a shekara, hekta ɗaya kan ba da wajen megawat-awa 1,000, wani lokaci fiye da haka.

Duniya gaba ɗayanta tana samar da lantarki kusan terawat-awa 30,000 a shekara (terawat-awa ɗaya megawat-awa miliyan ɗaya ce). Ko da a ce sola ce za ta ɗauki wannan kayan ita kaɗai, abin da babu mai shirin yi, hekta miliyan 30 ke nan. Ƙasar noma da kiwo ta duniya ta kusa hekta biliyan 4.8. Ka ga bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Amurka ita kaɗai tana noma masara a hekta wajen miliyan 12 don a tatsi itanol a zuba wa motoci, alhali tsiro a gona da ƙyar yake adana kashi 1 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Ba a cika jin ana kuka da wannan filin ba.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kamfanin sola yana neman fili shimfiɗaɗɗe, marar duwatsu, marar ambaliya, kusa da hanya, kusa da tashar rarraba wuta, domin kowace kilomita ta babbar waya kuɗi ce mai yawa. Wannan siffar kuwa ita ce siffar gona mai kyau. Shi ya sa rikicin ke taruwa a gefen garuruwa da layukan wuta, ba a faɗin ƙasa ba. Wanda gonarsa ta faɗa cikin wancan kashi ɗayan, ba za ka lallashe shi da alƙaluman duniya ba, kuma yana da gaskiya.

Sai batun ingancin faranti, wanda ake yawan kafa hujja da shi. A 1954 ne masu bincike a Bell Labs na Amurka suka fito da ƙwayar sola ta silikon mai amfani, watau ɗan ɓangaren da ake jera irinsa da yawa a haɗa faranti, tana kama kashi 6 cikin 100. A 1961 William Shockley da Hans Queisser suka nuna cewa ƙwaya mai hawa ɗaya tana da iyaka, wadda a lissafin yau take wajen kashi 33. Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Hasken rana gauraye yake, akwai mai ƙarfi akwai mai rauni. Wanda ƙarfinsa bai kai ya tayar da lantarki a cikin silikon ba, sai ya ratsa ya wuce. Wanda ƙarfinsa ya zarce abin da ake buƙata, rarar takan zama zafi. Ga silikon kansa iyakar ta tsaya a wajen kashi 29, kuma a ɗakin gwaji an riga an haura 27. Watau an kusa taɓa rufi. Duk wanda ya ce maka silikon zai ninka nan gaba, bai san kan zancen ba.

Hanyar tsallake wannan rufi ita ce a goya wa silikon wata ƙwayar a bayansa, ko in ce a kansa. Ana shafa wani siririn sinadari da ake kira ferobiskayit a sama, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba. Shi ya kama haske mai ƙarfi, shuɗi da kore, ya bar ja da wanda ido ba ya gani su wuce wa silikon a ƙasa. Saurin da abin ya yi ya isa a jinjina masa: a 2009 Tsutomu Miyasaka da abokan aikinsa a Japan sun samu kashi 3.8 ne kawai da ferobiskayit, amma a 2023 kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya samu kashi 33.9 da ƙwaya mai goyo, a 2024 ya kai 34.6.

Sai dai waɗannan alƙaluma na ƙwaya ce da ba ta wuce girman farcen yatsa ba, a ɗaki mai sanyi, ba ƙura ba raɓa. Da kamfanin Oxford PV na Birtaniya ya fara tura farantan irin wannan ga masu saye a watan Satumba na 2024, abin da cikakken farantin ke kamawa kashi 24.5 ne. Tsakanin 34 da 24.5 akwai tafiya. Shafa sinadarin daidai wa daida a faɗin murabba'in mita biyu ba kamar shafa shi a santimita ɗaya ba ne, kuma gilashi da wayoyi da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyi kowanne yana cin rabonsa. Babbar damuwar ma ba wannan ba ce, ƙarko ne. Ferobiskayit ba ya jituwa da laima, ba ya son zafi mai yawa, hasken rana kansa yana sa ƙwayoyin cikinsa su riƙa ƙaura daga mazauninsu. Da zarar gefen farantin ya ɗan saki, tururin ruwa ya samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga shi kuma da dalma a ciki, kaɗan ce, amma mai narkewa a ruwa, wanda ke nufin faranti da ya fashe a gona ba abin da za a bari a yashe ba ne. Gwajin da aka saba yi wa farantai, awa 1,000 a zafin digiri 85 da laima kashi 85, an tsara shi ne da silikon a zuciya, kuma cin wannan jarrabawa ba shaidar shekara 25 a fili ba ce.

Ga misali na lissafi, don a ga yadda ƙarko ke cinye inganci. A ce faranti mai goyo ya fara da kashi 27, yana raguwa da kashi 2 cikin 100 na ƙarfinsa duk shekara. Na silikon ya fara da 22, yana raguwa da kashi 0.4, wanda shi ne abin da masu ƙera farantan zamani kan ba da garanti a kai. Kafin shekara ta 13 sun yi kunnen doki, daga nan kuma tsohon ya wuce gaba, ga sauran shekara 15 ko fiye a gaban tashar. Ba cewa nake kada a zuba kuɗi a wannan bincike ba, a zuba. Cewa nake ko da komai ya tafi daidai, tashi daga 22 zuwa 27 zai rage filin da ake buƙata da kashi 18 ko 19 ne kawai. Abin so ne, amma tsarin jera farantai kaɗai yana iya yin abin da ya fi haka a yau, ba tare da jiran kowa ba.

Dubi tashoshi biyu. Bhadla da ke jihar Rajasthan a Indiya tana da megawat 2,245 a hekta wajen 5,700, watau ƙasa da rabin megawat a kowace hekta. Cestas da ke kusa da Bordeaux a Faransa, wadda aka buɗe a 2015, tana da megawat 300 a hekta wajen 260, fiye da megawat ɗaya a hekta. Ba wani sihirin faranti ba ne. A Cestas an kwantar da farantan ne kaɗan, rabi na kallon gabas rabi na kallon yamma, baya da baya kamar jinkar tanti, ta yadda layi ba ya yi wa layi inuwa sosai, sai aka matse su. Kowane faranti yana ba da ƙasa da abin da zai bayar da an fuskantar da shi kudu, amma hektar tana ba da ninki.

Akasin wannan shi ne na'urar bin rana, wadda ke juya farantai daga gabas zuwa yamma a kan doguwar sanda. Tana ƙara wa kowane faranti kashi 15 zuwa 25 a shekara, kuma tana shimfiɗa wutar ta kai safiya da yammaci, shi ya sa kamfanoni ke sonta. Amma faranti da ya miƙe yana kallon ranar hantsi doguwar inuwa gare shi, dole a buɗa tazara. Sakamakon: wuta ta ƙaru a kan faranti, ta ragu a kan hekta. Inda ƙasa ke da arha kuma ba mai nemanta, wannan ciniki ne mai kyau. Inda ake rububin ƙasa, ba haka ba ne, kuma takardar da ta ce "megawat 100" kawai ba ta gaya maka wanne aka zaɓa. Wani bincike na ɗakin gwaje-gwajen Lawrence Berkeley a Amurka ya gano cewa tsakanin 2011 da 2019 ƙarfin da ake kafawa a fili ɗaya ya ƙaru da kashi 52 a tashoshi masu kafaffen faranti, da kashi 43 a masu bin rana. Yawancin alƙaluman da masu adawa ke yawo da su na kafin wannan canji ne.

Akwai kuma asarar da ba a gani a takarda, kuma kowace asara fili ce aka ɓata. Zafi na farko. Ana auna faranti ne a digiri 25, amma a rana mai ƙuna ƙwayarsa takan kai 65. Farantin da ke rasa kashi 0.35 a kowane digiri ya yi asarar kashi 14 ke nan. Sababbin nau'o'in da ke rasa 0.25 zuwa 0.30 sun tsaya a 10 zuwa 12. A ƙasa mai zafi wannan ɗan lambar da ke ƙasan takardar faranti ta fi babbar lambar da ke samanta amfani. Ƙura ta biyu. A yankin hamada faranti da ba a share ba yana iya rasa rabin kashi ɗaya ko fiye a kowace rana, kuma in raɓar asuba ta jiƙa ƙurar rana ta gasa ta, sai ta kama gilashin kamar siminti, buroshi busasshe ba ya fitar da ita. Inuwa ta uku, kuma ita ce mai ban haushi. Ƙwayoyin faranti a jere suke a waya ɗaya, kamar ruwa a bututu: kashin tsuntsu a kan ƙwaya guda ya isa ya shaƙe layin. Akwai wasu 'yan na'urori uku da ake kira dayod a akwatin bayan faranti da ke ba wutar hanyar kewaye, amma kowanne in ya buɗe, sulusin farantin ya tafi hutu. In dayod ɗin ya mutu kuwa, ƙwayar da ke inuwa ta koma kamar hita, ta ƙona bayan farantin. Kyamarar gano zafi a kan jirgi marar matuƙi tana nuna wannan cikin 'yan awoyi, amma tashoshi da yawa sai an ga wuta ta ragu a mita ake farga. Sannan ga wutar da aka samar babban layi ya kasa ɗauka, aka ce a kashe, kamar yadda ke faruwa a Kalifoniya da arewacin Chile da tsakar rana. Tashar da ake kashewa kashi goma na lokacinta, kashi goma na filinta banza aka share, kuma batir ko ƙarin layi ne maganinta, ba sabon faranti ba.

Yanzu batun wane fili. Tsarin da na ga ya dace shi ne a fara da wurin da an riga an kashe ƙasarsa: rufin gidaje da na masana'antu da rumbunan ajiya, filayen ajiye motoci, tsofaffin ma'adinai, juji da aka rufe, gefen manyan hanyoyi. Faransa ta yi doka a 2023 cewa duk filin ajiye motoci na waje da ya wuce murabba'in mita 1,500 a rufe aƙalla rabinsa da rumfar sola. Ya fi tsada, don ƙarfen ya fi tsayi kuma dole ya jure karon mota, amma ba wanda aka kora, wutar kuma tana nan inda ake buƙatarta. A kan rufi abin lura shi ne nauyi, kilo 10 zuwa 15 a murabba'in mita in ɗaurewa aka yi, fiye da haka in da bulo aka danne, da kuma shekarun rufin kansa: ɗora faranti mai shekara 30 a kan rufin da ya rage masa shekara 5 aiki biyu ne. A tsohon juji ba a kafa turke, don kada a huda murfin da ke riƙe da iskar gas, sai dai a danne da siminti, a kuma sa ran ƙasar za ta riƙa lotsawa.

Ruwa ma fili ne. Gujarat ta Indiya ta ɗora megawat 1 a kan magudanar ban-ruwa tun 2012. Singafo ta shimfiɗa farantai masu yawo a saman ruwa na megawat 60 a tafkin Tengeh a 2021, Indunusiya kuma ta buɗe ta Cirata mai megawat 192 a 2023. A bayan dam abin ya fi armashi, tunda layin wuta yana nan, ana amfani da wutar sola da rana a adana ruwa don dare, inuwar kuma tana rage ƙafewa. Matsalar igiyar ɗauri ce. A watan Satumba na 2019 guguwa ta tsinke tashar dam ɗin Yamakura a Japan, farantai suka hau kan juna, wuta ta tashi a tsakiyar ruwa. Tafkin da ruwansa ke hawa da sauka da mita masu yawa yana buƙatar ɗauri mai miƙewa, ba wanda aka auna da ruwan rani kawai ba.

Ba kowace dabara ce ta cancanci a tsaya mata ba. Titin sola na kilomita ɗaya da aka buɗe a Normandi ta Faransa a 2016 ya farfashe cikin 'yan shekaru, ganye da tayoyi suka rufe shi, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Hamada kuma ba kango ba ce kamar yadda ake zato: a tashar wutar rana ta Ivanpah da ke Kalifoniya sai da aka kwashe kunkurun hamada aka canza musu wuri, kuma a wasu ƙasashen filin da taswirar hukuma ta kira "ba kowa" makiyaya ne ke ratsa shi da dabbobinsu duk shekara.

In kuwa dole sai gona, to a bar ta gona. Tunanin noma a ƙarƙashin sola ya samo asali ne daga Adolf Goetzberger da Armin Zastrow a Jamus a farkon shekarun 1980, Akira Nagashima ya gwada shi a Japan a 2004. An ce ba a tauna taura biyu, amma a nan lissafin ya yarda. Hekta biyu, ɗaya noma ɗaya sola, kowacce ta ba da ɗari bisa ɗari na abu guda. In aka haɗa su, kowace hekta ta ba da kashi 80 na amfanin gona da kashi 80 na wuta, ta yi aikin hekta 1.6 ke nan. A gwajin Heggelbach na kudancin Jamus, inda cibiyar Fraunhofer ta ɗaga farantai mita 5 sama don injin girbi ya wuce, an samu kashi 160 a 2017, duk da alkama da dankali sun ragu da kashi 18 zuwa 19. A 2018, shekarar zafi da fari, lissafin haɗin dankali da wuta ya kai kashi 186, don inuwar ta riƙe laimar ƙasa. A Arizona ta Amurka mai ƙuna, wani bincike da aka wallafa a 2019 ya samu tumatir ninki biyu, wani nau'in barkono ninki uku, farantan kuma suka yi sanyi saboda tururin da ganye ke fitarwa. Wannan ya nuna inda dabarar ta fi ƙarfi: wurin da rana ta yi wa shuka yawa, ruwa ya yi mata kaɗan. Masara da sauran masu son rana tsantsa ba sa yafe inuwa haka.

Abin da ke lalacewa a nan sananne ne. Manyan motocin gini suna danƙare ƙasa in aka shiga tana jiƙe, kuma ƙasar da ta danƙare takan ɗauki shekaru kafin ta saki. Ruwan sama yana zubowa daga bakin faranti a layi ɗaya, ya haƙa kwari, ya bar ƙarƙashin a bushe. Tazarar turaku in ba ta dace da faɗin garma ko injin fesa ba, manomi ya bar wajen ba noma. Ga kiwo, tumaki ne suka dace. Awaki suna hawa farantai suna tauna waya, shanu kuma suna soshe jiki da turke har ya karkace. Akwai tsarin da ke rage yawancin wannan: farantai masu fuska biyu a tsaye kamar shinge, fuska ɗaya gabas ɗaya yamma, layi da layi mita 10 ko fiye. Tarakta na wucewa a tsakani, ƙura ba ta zama sosai, wutar kuma tana zuwa da safe da yamma, lokacin da ta fi daraja.

Babban haɗarin dai na ɗan Adam ne. Kuɗin wuta ya ninka kuɗin amfanin gona sau da yawa, don haka akwai kwaɗayin a dasa wani abu don ganin ido kawai, a kira shi noma a samu izini. Japan ta shardanta tun 2013 cewa amfanin gonar kada ya gaza kashi 80 na abin da maƙwabta ke samu, amma sai da ta sake tsaurara bin diddigi saboda masu yi wa dokar kwana. Ƙa'idar Jamus ta 2021 ta tsaya a kashi 66. Faransa a 2024 ta ce kashi 90, farantai kuma ga manyan ayyuka kada su rufe fiye da kashi 40 na gonar. Italiya a shekarar ta hana kafa farantai a ƙasa kai tsaye a gonaki, ta bar ƙofa ga waɗanda aka ɗaga. Ana iya jayayya a kan lambar, ni ina ganin 66 ta yi sassauci, amma kowace lamba sai da gonar gwaji a gefe, marar faranti, iri ɗaya taki ɗaya, da ma'aunin da wani ban da kamfanin zai riƙe.

Saboda haka takardar izini ta ƙunshi megawat-awa nawa a hekta a shekara, ba megawat nawa a allon sanarwa ba. Ta nuna an duba rufi da juji da tafki da ke kusa an bayyana dalilin barinsu. Ta hana kankare ƙasar sama, ta fifita turken ƙarfe da ake bugawa a zare a kan tushen siminti, ta hana shiga da manyan motoci lokacin da ƙasa ke jiƙe, ta sa a bar tazarar santimita 15 zuwa 20 a ƙasan shinge don ƙananan namun daji su wuce. Kuɗin kwashe tashar kuma a ajiye shi a asusun da kamfani ba ya iya taɓawa tun ranar da aka buga turken farko, domin tasha takan canza hannu sau biyu ko uku a cikin shekara 30, kuma wanda ya sa hannu a farko da wuya ya zama shi ne za a tarar ranar zare turaku.